Ku Ba Yaranmu Labarin Bakhita Yadda Yake

Duk jaririn da aka kai baftisma a majami'unmu na Katolika, daga ƙauyukan Bebeji da Kiru har zuwa Tudun Wada da duwatsun Doguwa, sai Fada ya tambayi iyaye sunan da suka zaɓa masa. Ka ji an ce Monika, an ce Agustin, an ce Kizito, an ce Josfin. Suna ya zauna, a ci tuwo a watse. Bayan shekara goma ka tare yaron a hanyar gona ka ce masa, wane ne mai sunanka, sai ya sunkuyar da kai yana wasa da ƙasa. Ka juya wurin uban, shi ma ya ce ai katikis ne ya zaɓa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, ni da na tsufa ina koyar da katikizim tun muna zama a gindin ɗorawa kafin a samu ɗakin kwano. Da ku nake, 'ya'yana: matan Zumunta, magidanta, da samarin da suka karɓi alli daga hannunmu.

Bahaushe ba ya wasa da takwara. Yaron da ya ci sunan kakansa, tun yana rarrafe ake gaya masa yadda tsohon yake riƙe garma da yadda yake raba faɗa. To waliyyin da aka sa wa ɗanka sunansa shi ma takwara ne, yana da gari, yana da iyaye, yana da ranar da ya yi kuka. Agustin ɗan Afirka ne, an haife shi a shekarar 354 a garin Tagaste, cikin ƙasar da yau ake kira Aljeriya, kuma uwarsa Monika ta shafe shekaru tana yi masa addu'a kafin ya shiryu. Bishop ɗinmu na Kano, John Namaza Niyiring, wanda yake kan kujera tun 2008, ɗan ƙungiyar Agustin ne. Kizito yaro ne ɗan Uganda, shekararsa wajen 14 aka ƙone shi a Namugongo ranar 3 ga Yuni 1886 tare da Charles Lwanga da abokansu. Kowanne cikinsu ya isa a yi dare ana hira a kansa. Amma idan aka ce in zaɓi guda ɗaya da yaran kudancin Kano suka fi bukata a wannan zamani, Josfin Bakhita zan ɗauka.

An haife ta wajen 1869 a Darfur, a wani ƙauye mai suna Olgosa, ba nisa da Nyala. Mutanenta Daju ne, manoman gero da dawa irinmu. Darfur ba baƙon suna ba ne a ƙasar Kano. Alhazan da, masu tafiya Makka a ƙasa, ta Borno da Wadai suke bi, su ratsa Darfur, su wuce El Obeid, su je Sawakin su haye Bahar Maliya. Da yawa ba su dawo ba, zuriyarsu na can Sudan har yau, cikinsu har da mutanen garin Mai Wurno da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. Tun da yaƙi ya sake ɓarkewa a Sudan a watan Afrilu na 2023, yaranmu suna jin Nyala da El Obeid a rediyo. Ku nuna musu a taswira. In babu taswira, ku zana a ƙasa da kara: ga Kano, ga tafkin Chadi, ga Darfur. Yaro ya gane cewa da za a bi gabas a yi ta tafiya, za a isa ƙauyen yarinyar nan.

Kada ku buɗe labarinta da ga ta nan ga ta nanku. Yaro ya san abin da ke biyo bayan wannan, ya san Gizo da Ƙoƙi, ya san in an gama za a ce ƙurunƙus a tashi. Ranar da ya girma ya ajiye Gizo, tare da shi zai ajiye waliyyan da kuka haɗa su kwando ɗaya. Ku ce masa wannan ya faru, ga shekara, ga gari, kuma akwai hotonta na gaske da aka ɗauka da kyamara. Ta rasu a 1947, shekara ɗaya kacal kafin Sistocin St. Louis su iso Kano. A ƙauyukanmu akwai tsofaffin da aka haifa tana da rai.

Tana 'yar shekara bakwai zuwa tara masu farautar bayi suka kama ta a bayan gari. Kafin nan sun riga sun ɗauke yayarta. Aka tasa ta gaba ba takalmi, tafiyar ɗaruruwan kilomita har El Obeid, ana sayar da ita daga wannan hannu zuwa wancan. Ta taɓa guduwa ita da wata yarinya, aka sake kama su. Tsananin firgita ya sa sunan da iyayenta suka raɗa mata ya ɓace mata, har ta koma ga Ubangiji ba ta tuna shi ba. Bakhita, waɗanda suka sace ta ne suka laƙaba mata. In kun zo nan ku dakata, ku tambayi kowane yaro: yaya sunanka, yaya sunan babanka, wane ƙauye, wa ye mai unguwarku, wace ƙaramar hukuma? Ɗan shekara biyar ya iya faɗin waɗannan ba gargada, ɗan shekara takwas ya haddace lambar wayar wani babba a gidan. Wannan ma koyar da addini ne, kada kowa ya raina shi.

Mafi ɗacin labarin ya faru a gidan wani janar Baturke a El Obeid. Matar gidan da surukar janar ɗin ba ranar da ba sa sa a yi wa bayi bulala. Wata rana aka kira wata mata da gari da gishiri da aska. Ta zana ƙira da garin a jikin yarinyar, ta bi zanen tana yanka, tana cusa gishiri don tabon ya tashi. Yanka 114 a ƙirji da ciki da hannu. 'Yan ƙanana ba sai kun ba su wannan dalla-dalla ba, ku ce an ji mata ciwo ƙwarai, ya isa, kada ku tura su shimfiɗa da mafarkin aska. Wanda ya kai goma sha biyu kuwa ku gaya masa komai, domin ya isa sanin abin da ɗan Adam yake iya yi wa ɗan'uwansa. Za su tambaye ku, ai kaka ma tana da tsaga. Ku amsa musu da kyau. Tsagar da wanzami ya yi wa kaka ta gado ce, tana nuna gidan da ta fito, ko ta ɓata a kasuwa a san dangin da za a mayar wa. Ta Bakhita kuwa ba ta gado ba ce, masu ita suka sa aka yi mata don baiwarsu ce.

A 1883 wani jami'in jakadancin Italiya a Hartum, Callisto Legnani, ya saye ta. Shi bai doke ta ba. Da dakarun Mahadi suka matso birnin, ya fice ta Sawakin, ita kuma ta roƙe shi ya tafi da ita, suka isa Italiya a 1885. A can ya miƙa ta ga iyalin abokinsa Michieli, ta zama mai renon 'yarsu. Ku lura, miƙa ta aka yi, ba wanda ya nemi jin ta bakinta, ko da yake ƙasar Turawa ce mai majami'a a kowace unguwa. A ƙarshen 1888 uwar ɗakinta za ta yi tafiya Sawakin inda mijinta yake da masaukin baƙi, sai ta ajiye Bakhita da yarinyar a gidan Sistocin Kanosa a birnin Venis. A nan aka zaunar da ita aka koya mata addini. Ta ba da labari daga baya cewa tun tana ƙarama takan dubi rana da wata da taurari tana tambayar ranta wa ya mallaki waɗannan, sai a gidan Sistocin ta sami amsa.

Ga wurin da nake so ku fi daɗewa a kai, domin shi ne masu ba da labarin suka fi tsallakewa. Uwar ɗakin ta dawo ta ce ta haɗa kayanta su koma Afirka. Bakhita ta ce ba za ta ba. Yarinya baƙa, 'yar shekara ashirin, ba uwa ba uba ba dangi a ƙasar, wadda tun ƙuruciya ba ta taɓa musa wa mai ita ba, ta dubi matar da take ci daga hannunta ta ce a'a. Aka yi kwana uku ana lallashi ana matsa mata, har da tuna mata yarinyar da ta rena, wadda take ƙauna ƙwarai. Ba ta motsa ba. Shugabar Sistocin ta kai magana gaba, babban limamin Venis ya shigo ciki, hukumar shari'a ta zauna. Ranar 29 ga Nuwamba 1889 aka yanke cewa dokar Italiya ba ta san bauta ba, saboda haka 'yantacciya ce, ta zauna inda ta ga dama. Ranar 9 ga Janairu 1890 aka yi mata baftisma da sunan Josfin. Ita ta zaɓi hanyarta, Sistocin kuma ba su ce mata ta yi shiru ta bi ba, tsayawa suka yi a bayanta.

Na nanata wannan ne saboda abin da idona ya gani. Kowa a nan ya san matan da suke zagaya ƙauyuka bayan kaka suna kwasar 'yan mata zuwa aikatau, a Kano, a Kaduna, a Abuja. A ce za a sa yarinya a makaranta, kuɗin aikinta kuma a tara mata na kayan ɗaki. Wata yarinya da na koyar, ba ta wuce goma sha ɗaya ba, haka aka tafi da ita. Ta zo Kirsimeti ta rame, bayanta duk shatin wayar wuta, ko harafi ɗaya ba a ƙara mata ba. Da hutu ya ƙare ta ce ba za ta koma ba. Uwarta, mace mai zuwa Misa ba fashi, ta ce mata ta yi haƙuri kamar Bakhita. Da maganar ta iso kunnena na je gidan da yamma, na zauna da uwa da uba na ba su labarin daga farko har ranar shari'ar Venis. Na ce musu 'yarku ta riga ta yi irin na Bakhita, ta ce a'a, saura ku ku yi irin na Sistocin. Uban ya daɗe bai ce komai ba, domin an riga an karɓi kuɗin wata uku an sayi taki. Matan Zumunta suka yi karo-karo aka mayar da kuɗin, yarinyar ta zauna a gida ta koma firamare. Ban ga laifin uwar ba, rabin labari aka ba ta, da shi ta yi aiki. Talaucin da ya tura ta ma na san shi, ba a littafi na karanta ba.

Gaskiya ne Bakhita ta yafe. An tambaye ta abin da za ta yi in ta haɗu da waɗanda suka sace ta, ta ce za ta durƙusa ta sumbaci hannunsu, domin ta wannan hanyar ce ta zo ta san Almasihu. Magana ce mai nauyi, kuma yaro mai kaifin kai zai ce, to ashe satar mutane alheri ce? Kada ku tsawata masa, tambayarsa daidai ce. Ku tuna masa da Yusufu ɗan Yakubu, wanda 'yan'uwansa suka sayar, labarin da mu da maƙwabtanmu Musulmi duk muka sani. Allah ya fitar da alheri daga abin da aka yi masa, amma sayarwar tana nan a matsayinta na zunubi. Bakhita ta yafe bayan ta kuɓuta, tana tsaye da ƙafarta, ba wanda ya sa ta dole. Yafewa ba ta mayar da ita gidan bauta ba. Duk wanda ya ce wa yaron da ake zalunta ya yafe ya koma hannun mai dukansa, ba koyarwar Ikilisiya yake faɗa ba.

Akwai wani abu kuma da nake roƙonku da girman Allah. Yara suna son wasan kwaikwayo, kuma ba abin da yake dasa labari a ransu kamarsa. Ku bar su su yi. Amma na sha ganin an tashi shirya masu satar Bakhita sai a naɗa musu rawani, a sa musu babbar riga, a ba su carbi. Yaron da ya kalli wannan, gobe in ya je kasuwar Kwanar Ɗangora wa zai gani? Liman zai gani, da mai shagon da yake ba babansa bashi, da kawunsa na ɗaki ɗaya da uwarsa, tunda a gidajenmu na Maguzawa ciki ɗaya ya haifi mai zuwa masallaci da mai zuwa coci. Ba mu da hurumin shuka wannan a zuciyar yaro. Ku ɗaura musu tsumma a fuska ya wadatar. In kuma za a faɗi tarihi, a faɗe shi duka. Larabawa suka kama ta, a gidan Baturke aka tsaga ta, Baturiya ta nemi riƙe ta da ƙarfi. Ƙasarmu ma ba ta kuɓuta ba. An sayar da mutane a kasuwar Kurmi, Ningawa sun sha kawo hari kudancin Kano suna kwasar mutane, Kanawa ma sun kai wa wasu. Turawan da suka fasa ƙofar Bebeji da igwa a kan hanyarsu ta cin Kano a watan Fabrairu na 1903 ba su soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936.

Na kusa ma ya fi zafi. A watan Oktoba na 2019 'yan sanda suka dawo da yara tara da aka sace daga unguwannin Kano aka sayar a Anaca, jihar Anambara. 'Ya'yan Musulmi ne. An sauya musu suna, an sauya musu addini, wasunsu har Hausar ta kuɓuce musu. A 2021 kotu a Kano ta yanke wa jagoran masu satar ɗaurin shekara 104. Waɗanda suka yi wannan aika-aika sunayen baftisma suke amsawa irin namu. Ni Kirista ne, kuma ina faɗa da babbar murya cewa abin da aka yi wa Bakhita shi aka yi wa yaran nan, hawayen iyayensu kuma irin na uwarta ne. Yaron da ya koyi labarinta da kyau zai ji zafin ɗan kowa da aka ɗauke, na Chibok ne ko na Ƙanƙara ko wanda aka shiga da shi dajin Falgore.

Sauran rayuwarta ba ta da abin mamaki, kuma kada ku ƙirƙira mata. Ta ɗauki alkawarin zama Sista ranar 8 ga Disamba 1896. A 1902 aka tura ta garin Skiyo a arewacin Italiya, a nan ta yi mafi yawan shekarun da suka rage mata. Girki take yi, da ɗinki, da gyaran kayan bagade, da tsaron ƙofa. Yaran makarantar Sistocin in sun shigo da safe takan ɗora musu hannu a ka. Da tsufa ya zo ciwo ya zaunar da ita a keken marasa lafiya, kuma a zafin ciwon ajali bautar ta dawo mata, tana roƙon a sassauta mata sarƙa. Ku faɗi wannan ma, don yara su san tsarki ba ya goge tabo. Paparoma John Paul na Biyu ya ayyana ta cikin masu albarka ranar 17 ga Mayu 1992, ya sa ta cikin waliyyai ranar 1 ga Oktoba 2000. 'Yarki da take tuƙa tuwo tana ɗebo ruwa ta ji cewa da irin wannan aikin mace ta kai inda ta kai.

Yaranmu da 'yan cocin ECWA da Musulmi suke zama a aji, kuma za a tambaye su ko bauta wa hoto suke yi. Ku ba su amsa gajeriya tun a gida, kada a rutsa su su yi tsuru-tsuru ko su koma zagi. Allah kaɗai muke bauta wa. Waliyyi bawan Allah ne da ya riga mu isa, muna koyi da halinsa, muna roƙonsa ya sa mu a addu'a. Hoton kuwa don tunawa ne. Wanda ya yarda ya yarda, wanda bai yarda ba a rabu lafiya, gobe a tafi makaranta tare.

Kada ku jingina wa katikis komai. Sau ɗaya yake ganin yaro a mako, wani ma ƙauyuka uku yake zagayawa a kan keke, Fada kuwa sai an yi makonni bai leƙo wasu ƙananan majami'u ba. Uwa ce take da yaro kullum, da kaka. Bayan tuwon dare, lokacin da ake ɓarar gyaɗa ko ɓanɓarar masara, a ba da labarin kaɗan-kaɗan, yau kamu, gobe El Obeid, jibi Venis, a bar su da ɗokin saura. Da Hausa za a ba su, harshen da suke kuka da shi. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, magidanci kuma kada ya ce wannan hirar mata ce ya tashi ya tafi dandali, domin shi ne mai cewa a tafi da yarinya ko a bar ta.

Ranar 8 ga Fabrairu ce ranar da ta rasu, ita ce ranar idinta, kuma tun 2015, zamanin Paparoma Faransis, Ikilisiya ta mayar da ita ranar addu'a a kan fataucin mutane a duniya duka. Tana faɗowa da rani, an gama girbi, daidai lokacin da masu kwasar yara suke shigowa ƙauyuka. Kafin ranar ta zo, kowane magidanci ya zauna da matarsa su lissafa yaran gidan da suke aikatau: wane gari, gidan wa, yaushe rabon da a ji muryarsu. Wadda aka san inda take, a je a gan ta ido da ido, a keɓe da ita a tambaye ta ko tana son zama. Wadda ba a san inda take ba, a gaya wa katikis da mai unguwa, a kai magana ofishin hukumar yaƙi da fataucin mutane ta NAPTIP da ke Kano, a bi sawu har a dawo da ita gida.